Kana son mastar ko doktora a jenetik daga nan Yamai? Ga ta inda ake hwarawa

Duk shekara in an kusa gama lisansi tambaya guda ce ke yawo tsakanin ɗaliban FAST, fak ɗin kimiyya, da na Agronomi da ma wasu na FSS, fak ɗin lahiya, wai ina ake samun bursi na jenetik. Toh bursi akwai shi, za mu zo kanshi, amma ba shi ne hwarko ba, kuma wanda ya hwara da shi yawanci shi ne ke aika dosiye wurare rututu ba wanda ya ko amsa mishi. Masu bada kuɗɗin nan da malaman da ke ɗaukar ɗalibai abu biyu suke dubawa kahin komi: wace tambaya ce kake son ka amsa, kuma in an zuba maka bayanan ADN, sinadarin da ke ɗauke da gado, cikin ordinatar kana iya yin wani abu da su ko kuwa sai kallo. Duka biyun ana iya shirya su nan gida, cikin ɗakinka na Harobanda, ba sai da biza ba.

Bari mu daidaita magana tukun don wasu na haɗa abubuwa. Jenetik ilimin gado ne, yadda hali ke bi daga uwaye zuwa ɗiya, tun aikin Mendel da ya gabatar a 1865 ake kanshi. Jenomik kuwa gaba ɗaya ADN ɗin halitta ake karantawa, ba ƙwayar gado guda ko biyu ba. Na mutum haruffa wajen miliyar 3 ne, A da T da G da C suna ta maimaituwa cikin kromozom 23 biyu-biyu, na hatsi kuma wajen miliyar 1.8 cikin kromozom 7 biyu-biyu. Kuma na'urar ba ta karanta shi daga hwarko zuwa ƙarshe, guntu-guntu take hiddowa, ta Illumina haruffa 150 haka kowane guntu, miliyoyinsu, kamar a ce an yayyage kopi talatin na littahi guda an cusa cikin buhu an ce maida shi yadda yake. Maidawar nan ba a labo ake yinta ba, a ordinatar ake yi. Shi ya sa ɗan jenomik na yau ya hi daɗewa gaban ekiran bisa ga gaban pipet. In ka tsani lissahi da ordinatar gara ka sani tun yanzu, akwai wasu hanyoyi na biyoloji masu kyau, amma wagga ba za ta yi maka daɗi ba.

Zaɓi tambaya daga abin da muke da shi

Ƙanena kada ka rubuta wai kana son ka yi bincike kan kansa ko kan CRISPR, dabarar gyaran ADN, don ka ga ana maganarsu a intanet. Ɗalibai daga Indiya da Sin da Masar da sunka riga sunka yi shekaru cikin labo su ma abin da suke rubutawa kenan, da mi za ka hi su? Abin da kake da shi su ba su da shi, shi ne gona da garke da marasa lahiya na ƙasar nan, da harshen da za ka zauna da manomi ku yi magana har ya gaya maka abin da bai gaya ma baƙo.

Ɗauki hatsi. Nan Sahel anka hwara noma shi, shekaru sama da 4000 da sunka wuce, kuma har yau irin da ke hannun manomanmu na cikin mafi bambanci a duniya. An buga jenom ɗinshi, wato cikakken ADN ɗinshi, a 2017, aikin haɗin gwiwa da ICRISAT, cibiyar binciken noma ta duniya, ta jagoranta tare da IRD ta Faransa da BGI ta Sin, an samu ƙwayoyin gado wajen 38,000. Amma binciken da ni ya hi burge ni ya riga wannan. An taɓa tara irin hatsi daga ƙauyukan Nijar a 1976, sai masu bincike sunka koma waɗannan ƙauyuka ɗin dai a 2003 sunka sake amso iri, anka shuka na da da na yanzu gehe da gehe. Na 2003 ya hi saurin hidda kai, zangarniyarshi ta ɗan rage tsawo, kuma da anka duba ADN sai ga wani nau'i na ƙwayar gado mai suna PHYC, mai alaƙa da saurin huda, ya ƙaru cikin gonaki. Wato tsakanin hwarin shekarun 1970 da na 1980, da damina ta gajarce, manoma da zaɓen irinsu na kowace kaka sun canza hatsin ba tare da sun canza sunanshi ba. An buga shi a 2011. Duba hwa, tambayar mai sauƙi ce, kowane tsoho a ƙauye zai gane ta, kuma daga 2003 zuwa yau an ƙara shekaru sama da ashirin. Irin wagga tambaya nike nuhi.

Ga ƙuduji da ke cin dawa da hatsi da wake, ga murzuna cikin zangarniya, ga neman iri mai ƙarhen jini da yawa irin Chakti da anka hidda nan Nijar a 2018. Jenom na dawa tun 2009 yake, na wake 2019, duk suna intanet kyauta. Ga albasar Galmi wadda ake saida irinta ko'ina ana ce mishi Violet de Galmi, nawa ne ainihin nata, nawa ne gauraye? Ɗan Tahoua da ke karatu a jami'ar Djibo Hamani ba ya buƙatar ya nemi tambaya nesa. Wajen dabbobi akwai shanun Azawak da ake kiwonsu a tashar Tukunus, da jar akuyar Maradi, da shanun Kuri na tabkin Chadi masu manyan ƙahoni.

Wajen lahiyar mutum kuma sikila ce gaba. Harahi guda ne ya canza cikin ƙwayar gado ta HBB a kromozom na 11, GAG ya koma GTG, shi kenan jinin ya lanƙwashe. Akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila nan Yamai. Tambayar da har yanzu ake aiki kanta a duniya ita ce mi ya sa SS biyu, wato masu sikila, wani kullum yana likita wani kuma sai ya shekara bai kwanta ba, kuma wani ɓangare na amsar na wajen yawan jinin jarirai, HbF, da ke saura a jikin mutum bayan ya girma. Sai sanƙarau. Bayan da anka kawo rigakahin MenAfriVac a 2010 nau'in A ya kusa ɓacewa, sai ga annoba a 2015 ta nau'in C, Yamai ta sha wuya sosai a waccan shekara, kuma karatun jenom ne ya nuna wata sabuwar zuriya ce ta ƙwayar cutar wadda anka hwara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Sai maleriya, ana ba yara maganin kariya duk damina, dole wani ya rinƙa bin ƙwayoyin gadon dhfr da dhps na ƙwayar cutar don a san ko maganin na nan da ƙarhinshi, da kelch13 da anka riga anka ga canjinshi a Ruwanda da Yuganda.

Cikin waɗannan zaɓi guda. Guda ɗaya tak. Ka karanta takardun bincike kanta har ka iya gaya ma abokinka wajen shan shayi abin da anka sani da abin da ya rage.

Abin da za ka koya kahin ka buga ma kowa ƙohwa

Nan ne zan daɗe don nan ne ake raba ɗalibai.

Estatistik da jenetik na tushe. Ba haddar ma'anoni ba, lissahin da hannu. In uwa AS ce uba AS ne, wato kowannensu na ɗauke da S guda, kowane ciki na da kashi 1 cikin 4 na zama SS, kowane ciki daga sabo, ba wai in an haihi SS guda to ukun da ke biye sun tsira ba, kuma za ka sha mamakin masu lisansi da ke kuskuren wannan. Hardy-Weinberg kuma, lissahin yawan kowane nau'i cikin jama'a, ka iya shi ko an tashe ka daga barci: a ce cikin wani gari, misali ne kawai, nau'in S na da kashi 0.1, to SS za su zama 1 cikin 100, AS 18 cikin 100, AA 81. In ka gane daga ina 18 ɗin ta hito, kuma ka san dalilin da zai sa lissahin ya ƙi hitowa daidai a garin da ake yawan auren zumunci, to ka kama hanya. Bayan nan ka bi dabarun estatistik na ANOVA da regresiyon da abin da ake nuhi da heritabilite, wato kashin bambancin hali da ke hitowa daga gado, don mai gyaran iri da su yake kwana yake tashi.

Sai R, lojisiyel na estatistik. Kyauta ne, ka sauke shi da RStudio sau ɗaya shi kenan ba ya buƙatar koneksiyon. Kada ka koye shi da bidiyo kaɗai kana kallo kana gyaɗa kai, nemi bayanai na gaske, ko na memuwar ɗin wani ne da ya riga ka, ka sake lissahin da ya yi da Excel ka gani ko kun dace. Sai Linux, baƙin ekiran ɗin nan da ake rubuta umarni, don kusan duk kayan aikin jenomik a kanshi suke tahiya. In Windows gare ka akwai WSL, ka sa Ubuntu ciki ba sai ka goge komi ba. Mako biyu na hwarko za ka ji kamar ka jehar da mashin ɗin, daure, bayan nan sai ka ga umarni kamar ashirin ne ake ta juyawa. Python na iya jira sai ka samu ƙahwa a waɗannan biyun.

Ordinatar ba sai mai tsada ba. Ta hannu mai RAM jiga 8 ta isa koyo, 16 ta hi, kuma abin da za ka hi dubawa wajen saye shi ne batir, kun san halin wuta a watan Afrilu da Mayu. Manyan lissahi dama ba a kanta ake yi ba, a sarba ake yi, babbar ordinatar da ake shiga ta intanet. Akwai Galaxy, usegalaxy.eu ko usegalaxy.org, ka buɗe kont kyauta, ka ce mishi ya jawo bayanai kai tsaye daga NCBI, rumbun bayanan ADN na Amerika, zuwa sarbarsu, kenan ba jigarka ke ƙonewa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda jenom na mutum guda ɗanye na iya kai jiga 50 ko hiye. Suna da darussa mataki-mataki. Ka hwara da jenom na bakteriya don ƙarami ne, na Neisseria mai kawo sanƙarau haruffa miliyan 2 da ɗan wani abu ne kawai. Ka ɗauko FASTQ, fishiyen guntayen da na'ura ta hiddo, ka duba ingancinshi, ka jera shi kan jenom na asali, ka hidda VCF, fishiyen wuraren da sunka bambanta, ka buɗe ka ga bambance-bambancen da idonka. Ranar da ka yi wannan daga hwarko har ƙarshe kai kaɗai, kana da abin rubutawa cikin wasiƙa wanda akasarin masu nema ba su da shi. Akwai kuma Rosalind, shahin da ke ba ka ƙananan matsaloli na biyo'anformatik kana warwarewa, da BLAST mai nemo jerin ADN masu kama da naka, wanda ya kamata ka iya tun a lisansi.

Sai Ingilishi. Na san mun taso da Faransanci, amma gaskiya ɗaya ce, takardun jenomik kusan duka da Ingilishi ake buga su, umarnin lojisiyel da Ingilishi, in ka samu matsala ka je neman amsa da Ingilishi za ka same ta, can ADN ma DNA za ka gan shi. Hanya mafi sauri ita ce karanta takarda guda duk mako cikin tambayarka, da ƙamus a gehe, ta hwarko za ta ci maka kwanaki, ba komi. PubMed da Google Scholar ne wurin nema. In takarda na ruhe sai an biya, tambayi mai kula da bibliyotek ko suna da lambar shiga Research4Life, makarantun Nijar na cikin waɗanda ake ba kyauta, in ba haka ba aika ma marubucin mel kai tsaye, yawanci suna turowa da murna. Ka sa lojisiyel ɗin Zotero tun yanzu ka rinƙa adana duk abin da ka karanta.

Estaji

Ko na wata biyu ne, ko ba a biyanka, ka nema. Ga INRAN, hukumar binciken noma ta ƙasa, da ke nan tun 1975 da cibiyoyinta a Kollo da Maradi da Tahoua da sauransu, ga ICRISAT a Sadoré kilomita arba'in da wani abu kudu da Yamai inda suke da rumbun adana iri, ga CERMES, cibiyar binciken lahiya ta Yamai, ga masu son ƙwayoyin cuta. Takardar neman estaji da ka aje a sakatariya ita kaɗai ba ta cika tashi ba, ka sa malaminka na fak ya yi maka magana da wani mai bincike takamaimai, ka je ka gaishe shi, ka gaya mishi abin da ka iya. Ka ce kana iya R ka ga yadda za a kalle ka, don kowane mai bincike na da bayanan gona da ke kwance ba wanda ya samu lokacin lissahinsu. Can za ka ga yadda ake hidda ADN daga ganye da sinadarin CTAB, da PCR mai ninka guntun ADN, da jel ɗin da ake ganinshi a kai. Kuma ka girmama teknisiyan na labo, su ne za su koya maka aikin hannu, ba purofesa ba.

Ina za a yi karatun

Mastar shekara 2, doktora shekara 3 a takarda, a zahiri sau da yawa 4. Ana iya yin su nan jami'ar Abdou Moumouni ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, kuma ba abin rainawa ba ne musamman in ankadarer ɗinka na cikin wani furoje mai kuɗɗi da abokan aiki a waje, sai ka yi gona nan ka tahi wata uku ko shida can ka yi labo da lissahi. A ganina wannan tsari ya hi dacewa da mai iyali.

A maƙwabta, ga mai son gyaran iri WACCI ce gaba, a Jami'ar Gana da ke Legon, tun 2007, Purofesa Eric Danquah ya kahwa ta, tsarinsu ka yi kwas can sannan ka komo ƙasarku ka yi binciken kan amfanin gonar ƙasarku, kuma ƴan Nijar sun bi ta can. Cikin jami'ar dai akwai WACCBIP ga masu ƙwayoyin cuta. A Najeriya akwai ACEGID ta Purofesa Christian Happi a Ede, su ne sunka hwara karanta jenom na korona a Afirka a watan Maris 2020, akwai CDA a Bayero ta Kano kan noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, da IITA da ke aikin wake nan Kano ɗin, inda ko ba komi Hausarka za ta yi maka aiki a kasuwa da gona. Jami'ar Tarayyar Afirka na da reshe a Ibadan mai koyar da gyaran iri, da wani a Kenya mai biyoloji molekiler, da bursinsu. Wanda Ingilishi bai zauna mishi ba tukun ya duba Bamako, jami'ar USTTB na da cibiyar biyo'anformatik kuma sun daɗe suna aikin maleriya, ko Dakar, ko CERAAS a Thiès kan jure hwari.

Bursi kuma, ANAB, hukumar bursi ta ƙasa, ce ke shelar na haɗin gwiwa irin na Maroko da Aljeriya. Na Turkiyya ana buɗe shi Janairu zuwa Fabrairu kuma sai ka yi shekara guda ta koyon harshe. Akwai na gwamnatin Sin, na Indiya, na Bankin Musulunci, DAAD ta Jamus mai biya maka karatu cikin Afirka, RSIF, TWAS, Erasmus Mundus. Ƙannena mata ku duba OWSD, doktora ce ta mata zalla daga ƙasashe irin namu. Ranakun na canzawa, ku rinƙa duba shahinsu na asali da kanku, kuma duk wanda ya ce ku turo kuɗɗi ta waya ya samo muku bursi ɓarawo ne.

Wasiƙar da za ka aika ma purofesa

Gajera. Wallahi gajera. Mu mun saba da doguwar gaisuwa da j'ai l'honneur layi biyar, su kuwa cikin daƙiƙa talatin suke yanke hukunci. Gaisuwa layi guda, sannan ko kai wane ne da abin da ka karanta, sannan ka ambaci takardarshi guda da ka karanta da gaske ka hwaɗi abu takamaimai a cikinta, sannan tambayarka da abin da za ka iya kawowa, misali kana da hanyar samun irin manoma daga Ader ko kana da alaƙa da wata likita, sannan abin da ka iya da hannunka, R, Galaxy, estajin da ka yi. Ka ƙare da tambayar ko yana ɗaukar ɗalibi bana kuma wane bursi ya dace. CV shahi biyu a liƙe, PDF, da sunanka a kan fishiye ɗin. Adireshin mel ɗinka ya zama sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka ba. Kada ka aika wasiƙa guda ga mutum ashirin kana canza suna kawai, suna ganewa, balle ma in ka manta sunan na baya a ciki. In mako biyu sun wuce shiru ka tuna mishi sau ɗaya, in shiru kuma ka wuce gaba.

In ya amsa kada murna ta ruhe maka ido, kai ma ka bincike shi. Duba takardun labo ɗinshi na shekarun baya, ɗalibai ne sunansu ke hwarko ko kullum shi ne? Nemi tsohon ɗalibinshi guda ka tambaye shi a asirce, shekara nawa ya yi, malam na karanta abin da anka ba shi ko sai ya yi wata huɗu a tebur. Kuma ka tambayi malamin kai tsaye cikin ladabi, kuɗɗin sekansaj daga ina za su hito. Tez da yawa sun tsaya ba don ɗalibi rago ne ba, samfur ne ke cikin firiza ana jiran kuɗɗin da ba a taɓa tanada ba.

Dosiye ba wani sirri: paspor tun da wuri, diplom da relebe legalize, fassara ta Ingilishi daga mai fassara da anka yarda da shi, wasiƙun shaida biyu ko uku waɗanda za ka nema wata guda kahin lokaci, TOEFL ko IELTS in sun ce, wasu na amsar Duolingo mai rahusa. Ka yi musu eskan mai kyau ka aje wuri guda.

Bayan ka shiga

Abin da za ka tsare ma kanka tun ranar hwarko shi ne kada ka zama mai ɗebo samfur kawai. Yana hwaruwa sosai, ɗalibinmu ya sha rana ƙauye-ƙauye ya tara ganye ko jini, a aika waje, wani can ya yi lissahi, takarda ta hito sunan namu na tsakiya ko ma cikin godiya a ƙasa. Maganin shi ne a yi magana kahin a hwara, a rubuce, ko cikin mel ne: wa zai yi lissahin, za a ba ka ɗanyen bayanan, sunan wa zai zo hwarko. Ba rashin kunya ba ne, haka ake yi ko'ina, kuma in ka iya lissahin da kanka maganar ma ba ta tsawo. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga nahiyar baki ɗaya, mutanen Afirka sun hi kowa bambancin ADN amma ƴan kashi kaɗan ne cikin manyan binciken duniya. Da H3Africa, haɗakar masu binciken jenom ɗin ƴan Afirka, ta karanta jenom na mutum 426 kawai a aikin da anka buga a 2020, an samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Izini kahin samfur, ba bayan ba. In mutane ne sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya amince da furotokol, kuma ka yi ma mutum bayani da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek har ya gane, ba ka miƙa mishi takardar Faransanci ya dangwala ba. Ka shirya ma abin da za ka ce in gwaji ya nuna abin da iyali ba su zata ba, ADN na tona asirin da ba a tambaye shi ba. In iri ne ko ganye zai ƙetare iyaka akwai takardar lahiyar tsirrai da yarjejeniyar miƙa samfur, da ƙa'idar Nagoya kan izinin ɗaukar samfur da raba amfaninshi, da ta hwara aiki a 2014. Mujallu masu kyau na tambayar waɗannan lambobi, in babu ba su bugawa.

Zahi na lalata ADN. Ganye ka tsinko ƙarami sabo, ka sa cikin ambulan da silika ya bushe nan take, jini kuma ana iya ɗiga shi kan takardar tace ya bushe a inuwa, waɗannan ba su damu da ɗaukewar wuta ba. Lamba kan kowane samfur da alƙalamin da ba ya gogewa, a kuma rubuta cikin kaye da GPS da sunan da manomi ke kiran irin. Akasari ba nan za a karanta su ba, aikawa ake yi, wasu Nairobi, wasu har Ostareliya wajen kamfanin DArT, kuma tsakanin aikawa da dawowar sakamako ka lissahta watanni.

Masu gona ku tuna damina guda ce a shekara. Doktora ta shekara 3 damina 3 kenan, in ka makara da shuka ko tsuntsaye sunka cinye gwajin, kashi ɗaya cikin uku ya tahi, don haka kuɗɗin gona da iri su kasance hannu tun watan Mayu, kuma ka nemi hilin ban-ruwa don ka ƙara zagaye guda da rani. Hatsi kuma ba kamar wake ba ne, iska ke ɗaukar bununinshi daga gona zuwa gona, in kana son tsabtataccen layi sai ka ruhe zangarniya da jakar takarda kahin ta yi hure, in ka makara da kwana biyu ba ka san uban ƙwayar ba.

Bayananka kopi uku, ordinatar da diski na waje da intanet, kuma ɗanyen fishiye ba a taɓa shi, kopi ake aiki kanshi. Ka hwara rubutu tun shekarar hwarko ko da sashen kayan aiki da hanyoyi ne. Akasarin ekol doktoral na son takarda bugagga kahin sutnansi, kuma nan ne ake kama ɗalibai da mujallun bogi, masu turo mel suna yabonka suna cewa za su buga cikin mako guda in ka biya. Duba ko mujallar na cikin PubMed ko Scopus ko DOAJ kahin ka aika, don ranar da za ka kai dosiye CAMES, hukumar Afirka mai auna malaman jami'a, neman ƙarin girma za a duba inda ka buga. Haka in waje za ka yi karatun, tun kahin ka yi rajista ka tambaya a ma'aikatar ilimi mai zurhi ko diplom ɗin makarantar na samun ekibalans nan gida, kuma ka aje amsar a rubuce.